Kwali da Gyara da Mudu: Tarihin Katin Hoto na Wasannin Kwamfuta da Yadda Ake Auna Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ya san cewa ciniki yana tsayawa ne a kan abubuwa uku, watau abin da mai kaya ya faɗa da bakinsa, da abin da ya ɗora na gyara, da kuma mudun da aka auna da shi. Idan mudu ya sami tangarɗa, to, sauran biyun ba su da wani amfani ga mai saye. Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin wata haja ta zamani wadda ake kira katin hoto, a ga yadda waɗannan abubuwa uku suka bayyana a cinikinta tun daga shekarar 1981, musamman a Amurka da Kanada, inda manyan kamfanonin da ke tsara ta suka taso. Za a duba kwalin da ake sa katin a ciki, da kayan da ke yi masa rakiya, sa'an nan da hanyoyin da aka ƙago don gwada ƙarfinsa. Al'amarin ya shafi ɗalibi mai tara kuɗi don sayen kwamfuta, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda watarana za a sa shi cikin kwamitin sayen kayan aiki, a ce ya sa hannu a kan abin da bai gwada ba.

Ma'anar katin hoto da asalinsa

Katin hoto wani faifai ne na lantarki da ake soka shi a cikin kwamfuta, aikinsa shi ne ya zana duk abin da ido ke gani a kan allo. Hoton da ke kan allo tarin ɗigo-ɗigo ne. Allo mai ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600 ke nan, kuma idan ana son motsi ya tafi sumul ba tare da gargada ba, sai a sake zana su duka sau 60 a cikin sakan guda. Wannan ya sa katin ke da ƙwayar lissafi tasa, da ma'adanar bayanai tasa, da fanka mai sanyaya shi.

A shekarar 1981 kamfanin IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa tare da kati iri biyu. Na farko, MDA, rubutu kawai yake nunawa. Na biyu, CGA, yana iya nuna launi huɗu a lokaci guda idan ana zane. A 1984 aka yi EGA mai launi 16, a 1987 kuma aka yi VGA mai iya nuna launi 256, wanda filoginsa mai allura 15 ya daɗe ƙwarai ana amfani da shi a ofisoshi. A duk tsawon wannan lokaci katin bai wuce ɗan aike ba, domin babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke yin lissafin zane, shi kuwa ya miƙa wa allo.

Wasanni ne suka sauya wannan hali. Kamfanin id Software ya fitar da wasan Doom a 1993, da Quake a 1996, waɗanda ke sa mai wasa ya ga kamar yana tafiya ne a cikin gini mai tsawo da faɗi da zurfi. Irin wannan zane yana bukatar lissafi mai yawan gaske. A 1996 wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya mai suna 3dfx ya fitar da Voodoo, katin da ba ya aikin kome sai zanen hoto mai zurfi. Da aka gyara Quake a 1997 don ya yi aiki da irin wannan kati, sai mutane suka ga bambancin da idonsu, kasuwa ta buɗe. Kamfanin Nvidia, wanda Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa a 1993, ya fitar da GeForce 256 a 1999. Kamfanin ATI na Kanada, wanda aka kafa a 1985, ya fitar da Radeon a 2000. A ƙarshen wannan shekara 3dfx ya durƙushe, ya sayar wa Nvidia kadarorinsa. A 2006 kuma AMD ya saye ATI.

Kwali

Akwai wani tsari na wannan kasuwa wanda sai an fahimce shi kafin a gane dalilin kwalliyar kwali. Masu tsara ƙwayar lissafin kaɗan ne, amma masu harhaɗa katin su sayar suna da yawa, irin su Asus da MSI da Gigabyte na Taiwan, da Sapphire na Hong Kong. Tun zamanin Voodoo haka abin yake, domin kamfanonin Diamond da Orchid ne suka riƙa sayar da shi, kowanne da sunan da ya raɗa masa. Sakamakon haka, sai mai saye ya tarar da kati goma a kan kanta, ƙwayarsu ɗaya, ƙarfinsu kusan ɗaya. Da me mai kaya zai ja hankalinsa? Sai da kwali.

Saboda haka daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010 kwalayen suka cika da hotunan dodanni, da mayaƙa sanye da sulke, da mutum-mutumin ƙarfe. Manyan kamfanonin ma sun ƙago 'yan matan zane don talla. Nvidia ya yi wata aljana mai fukafukai mai suna Dawn a zamanin GeForce FX, ATI kuwa ya yi Ruby a 2004. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hotuna da ke gaya wa mai saye abin da katin zai iya. Daga baya, da ciniki ya koma ta intanet, mutane suka riƙa zaɓen kaya tun kafin su ga kwalinsa, sai kwalliyar ta ragu, aka koma baƙin kwali mai ɗauke da suna da lamba.

Amma fa kwali yana da aiki na gaskiya wanda ba a raina shi. A ciki ana sa katin cikin wata leda ta musamman mai kare shi daga irin lantarkin nan da ke taruwa a jikin mutum da tufafinsa lokacin hunturu, wanda tartsatsinsa kaɗan ya isa ya kashe ƙwayar lissafi. Akwai soso mai tare jijjiga, akwai kuma lambar kaya wadda da ita ake neman haƙƙi idan katin ya lalace kafin wa'adin garanti ya ƙare.

Babban al'amarin kwali shi ne rubutun da ke jikinsa, domin shi ne alkawarin mai kaya. A watan Satumba na 2014 Nvidia ya fitar da GTX 970 a kan dala 329, aka rubuta cewa ma'adanarsa gigabayit 4 ce. Ya yi kasuwa ƙwarai. A watan Janairu na 2015 masu saye suka lura cewa da zarar wasa ya ci fiye da gigabayit 3.5 sai katin ya fara tangal-tangal. Kamfanin ya amsa cewa an raba ma'adanar kashi biyu, gigabayit 3.5 mai sauri da rabin gigabayit mai nawa, ya kuma amsa cewa waɗansu alkaluman da aka ba 'yan jarida tun farko ba daidai ba ne. Masu saye a Amurka suka haɗu suka kai ƙara, a 2016 aka sasanta a kan za a biya kowane mai saye dala 30. Abin lura a nan shi ne, gigabayit 4 ɗin suna nan a jikin katin, babu wanda ya cire ko ɗaya. Lambar gaskiya ce, amma abin da mai saye ya fahimta daga gare ta ba shi ne abin da ya samu ba.

Haka kuma akan sayar da kaya biyu da suna ɗaya. A 2018 an fitar da wani GT 1030 mai ma'adana irin ta DDR4, alhali na asali GDDR5 gare shi, wanda ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma bambancin bai wuce 'yan ƙananan haruffa a gefen kwali ba. A watan Oktoba na 2022 Nvidia ya janye wani kati da ya yi niyyar kira RTX 4080 mai gigabayit 12, bayan jama'a sun yi ca a kan cewa ƙwayarsa ba ɗaya ba ce da ta ɗan'uwansa mai gigabayit 16. A Janairun 2023 ya dawo da shi da sunan RTX 4070 Ti.

Kayan rakiya da gyara

Tarkacen da ake samu cikin kwali su ma suna ba da labarin zamaninsu. Voodoo na farko yana zuwa ne da wata guntuwar waya, domin da yake ba ya iya nuna rubutu da sauran aikin yau da kullum, dole a bar tsohon kati a wurinsa, a haɗa su biyu ta baya. Voodoo2 na 1998 ya zo da wata dabara ta haɗa kati biyu da waya mai faɗi don su raba aikin zane, ɗaya ya zana layi, ɗaya ya zana na biye. Da aka ƙago filogin DVI a 1999, sai aka shekara fiye da goma ana saka adafta cikin kwali don masu tsohon allo na VGA. Akwai kuma faifan CD mai ɗauke da manhajar da ke sarrafa katin, wadda ake kira direba. Sau da yawa kafin katin ya isa hannun mai saye an riga an fitar da sabon direba, saboda haka da intanet ta wadata sai faifan ya ɓace.

Gyara kuwa, wasa ne ake bayarwa kyauta. Mafi shahara a cikin tarihin gyara shi ne na 2003, lokacin da ATI ya saka takardar karɓar wasan Half-Life 2 cikin kwalin Radeon 9600 XT da 9800 XT. Mutane da yawa sun sayi katin saboda wannan takarda, amma wasan bai fito ba sai a watan Nuwamba na 2004, watau bayan shekara guda, lokacin da an riga an fitar da sababbin katuna. An cika alkawari, sai dai mai saye ya yi cinikin biri a sama.

Wayar wuta ce ta fi kowane ɗan rakiya muhimmanci. Ramin da ake soka katin a cikinsa, irin na PCI Express wanda aka fara amfani da shi a 2004, wat 75 kawai yake bayarwa. Da katuna suka ƙara ƙarfi sai aka ƙara musu filogi mai allura 6, mai ba da wat 75, da mai allura 8, mai ba da wat 150. A watan Oktoba na 2022 aka fitar da RTX 4090 a kan dala 1,599, mai shan wat 450, da sabon filogi ƙarami mai allura 16 wanda aka tsara ya ɗauki har wat 600. Da yake yawancin mutane ba su da irin wannan waya, sai aka saka adafta cikin kwali. Ba a yi wata guda ba aka fara ganin hotunan filogi da ya narke. A watan Nuwamba kamfanin ya ce ya sami labarin kimanin 50, kuma bincikensa ya nuna cewa ba a tura filogin ya shiga sosai ba ne. Dalilin a fili yake ga mai ilimin lantarki: wat 600 a kan bolt 12 amfiya 50 ke nan, ta cikin allurai shida, idan kuwa waɗansu ba su zauna daidai ba sai wuta ta taru a kan sauran, zafi ya tashi. A 2023 aka sake fasalin filogin yadda katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba sai ya shiga daram. Ɗan abin da aka ɗauka gyara ne, shi ya zama mai iya halaka kaya na dala dubu da ɗari shida.

Mudu

Tun da kwali ba ya faɗin ƙarfin kati, dole aka nemi abin awo. Ma'aunin da aka fi sani shi ne yawan hotunan da kati ke zanawa a sakan guda. Wasannin Doom da Quake suna da wani umurni da ke sa wasa ya maimaita wata tafiya da aka riga aka ɗauka, da iyakar saurin da na'ura za ta iya, sa'an nan ya faɗi sakamako. Da yake tafiyar ɗaya ce ga kowa, sai aka sami damar gwama kati da kati. A 1998 kamfanin Futuremark na ƙasar Finlan ya fitar da 3DMark, manhajar da aikinta kawai shi ne ta gwada kati ta ba shi maki. Mujallu da masu sharhi suka riƙa buga waɗannan alkaluma, ciniki kuma ya koma bin su.

Daga ranar da maki ya zama shi ke sayar da kaya, daga ranar ne aka fara taɓa mudun. A watan Oktoba na 2001 masu gwaji na HardOCP suka yi wa Radeon 8500 wata 'yar dabara. Suka sauya sunan wasan Quake III daga "quake" zuwa "quack", suka sake gwadawa. Sai sauri ya ragu, kyan hoto kuma ya ƙaru. Ashe direban ATI yana gane sunan wasan da aka fi yin gwaji da shi, da ya gan shi sai ya rage ingancin zane a ɓoye don maki ya hau.

Na 2003 ya fi wannan girma. A lokacin Radeon 9700 Pro, wanda ATI ya fitar a 2002, ya sha gaban kowa, GeForce FX 5800 Ultra na Nvidia kuwa ya makara, ga fankarsa da ƙara har ana yi masa ba'a. A watan Mayu masu gwaji na ExtremeTech suka lura da wani abu a 3DMark03. A wannan gwaji idon mai kallo yana bin turba ɗaya ce kullum, kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Da suka yi amfani da wani bugu na manhajar wanda ke ba da damar kauce wa turbar, sai hoto ya wargaje a kan katin Nvidia. Ma'anar wannan ita ce, an koya wa direba abin da ido zai gani tun kafin a fara, saboda haka ba ya wahalar da kansa wajen zana sauran. Futuremark ya yi bincike, ya ce ya sami wurare takwas da direban ke gane gwajin. Da aka toshe su, makin GeForce FX 5900 Ultra ya faɗi da kimanin kashi 24 cikin 100. Na ATI ma ya ragu, amma da ƙasa da kashi 2. Da farko Futuremark ya kira abin maguɗi, amma a watan Yuni kamfanonin biyu suka fitar da sanarwa tare, inda aka sassauta kalmar aka ce gyaran direba ne don wata manhaja ta musamman. Duk da haka masu sharhi sun ɗauki darasi. Suka koma gwaji da wasanni masu yawa, suna kuma ɗaukar hoton allo su gwama kyan zanen, ba saurin kaɗai ba.

Wani aibin kuma ba na mai kaya ba ne, na mudun ne kansa. A watan Satumba na 2011 Scott Wasson na Tech Report ya nuna cewa matsakaicin yawan hotuna a sakan yana ɓoye abin da ido ke gani. Misali, a ɗauki kati biyu, kowanne ya zana hoto 60 a sakan guda. Na farko yana ba kowane hoto kashi 16.7 cikin dubu na sakan, bai ƙara ba bai rage ba. Na biyu ya zana hoto 59 da sauri, amma guda ɗaya ya ci kashi 100 cikin dubu. A kan takarda makinsu ɗaya, amma mai wasa da na biyu zai ga hoto ya tsaya cak sa'an nan ya zabura. Daga nan aka fara auna lokacin kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, ana kuma bayyana mafi munin kashi 1 cikin 100. A yau cikakken gwaji yakan haɗa da zafin katin, da ƙarar fankarsa, da wutar da yake sha, a kan kwamfuta ɗaya wadda ba a sauya kome a cikinta sai katin.

Har yanzu awo bai daina tona asiri ba. A 2016 an gano cewa waɗansu katunan da Asus da MSI suka aika wa masu sharhi an saita su a kan gudu da ya ɗan fi na waɗanda ke kanti. A watan Fabrairu na 2025 kuma masu saye suka duba RTX 5090 da wata ƙaramar manhaja mai suna GPU-Z, suka ga waɗansu sassan zane 168 gare su maimakon 176. Nvidia ya amsa, ya ce abin ya shafi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100, ya yi alkawarin musanyawa.

Kammalawa

Mai karatu yana iya cewa wannan duk zancen masu wasa ne. Ba haka ba ne. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto sun yi amfani da katin wasa GTX 580 guda biyu wajen koya wa kwamfuta gane hotuna, nasarar da ta buɗe ƙofar ƙirƙirarriyar basira ta wannan zamani. Irin wannan ƙwaya ce jami'o'i da ma'aikatu ke saye a yau don bincike da zanen gine-gine da taswira. Bugu da ƙari, masu haƙar kuɗin intanet sun kwashe katuna a 2017 da 2021 har suka yi tsada, da Ethereum ya daina wannan hanya a watan Satumba na 2022 sai tsofaffin katunan da suka yi aiki dare da rana suka malalo kasuwar gwanjo. Wanda ya sayi na hannu a Legas ko Kano, sau da yawa ba kwali, ba takardar garanti, ba shi da abin dogaro sai gwaji.

Abin da wannan tarihi ke koyarwa guda uku ne. Na farko, suna da lambar da ke jikin kwali mafarin bincike ne, saboda haka takardar odar kaya ta ƙunshi cikakken bayanin ƙwaya, da irin ma'adana da yawanta. Na biyu, a ƙirga kayan rakiya, a tabbata wayar wuta da na'urar ba da wuta sun dace da katin kafin a kunna. Na uku, kada a dogara da maki ɗaya, balle wanda mai kaya ya kawo da kansa. A gwada kayan da aka kawo, da irin aikin da aka saye su dominsa, a gaban wanda ba shi da la'ada a cinikin, kafin a sa hannu a takardar biya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A 2001 sauya haruffa biyu na sunan wasa ya isa ya nuna abin da ke cikin direba, a 2025 kuma ƙaramar manhaja ta kyauta ta isa ta ƙirga abin da ya ɓace a cikin kati, kuma duk ɗalibi ko ma'aikacin da ke da kwamfuta a gabansa yana iya yin irin wannan gwaji.